Jaji: Garin da Ya Tashi a Gindin Bariki

Wasiƙu huɗu muka zaɓo a wannan fitowa, kuma dukansu sun taru ne a kan gari ɗaya, wato Jaji da ke Ƙaramar Hukumar Igabi a Jihar Kaduna. Mun taƙaita su saboda ƙarancin fili, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne, kuma duk lokacin da na bi hanyar Kaduna zuwa Zariya nakan ga ƙofar barikin Jaji da 'yan shagunan da ke bakin titi. A ido dai garin ƙarami ne, amma ba a raba sunansa da labaran rediyo. Me ke cikin wurin nan da ya ba shi wannan suna? Daga wani ɗalibi a Samaru.

Amsa: Wa alaikumus salam. Abin da kake hangowa daga tagar mota, ɗan'uwa, bakin wurin ne kawai, domin bayan wannan ƙofa akwai fili mai faɗin gaske da ya ƙunshi makarantun soja da gidajen ma'aikata da dajin atisaye. Mafi shahara a cikinsu ita ce kwalejin horar da hafsoshi ta rundunonin tsaro, wadda aka buɗe a 1976 da taimakon wata tawagar masu ba da shawara daga sojan Birtaniya. Da farko ta sojan ƙasa ce kaɗai, sai aka ƙara sashen sojan sama a 1978, aka kuma ƙara na sojan ruwa a 1981, ta zama wurin da rundunonin uku suke zama aji ɗaya.

Dalilin kafa ta yana komawa ne ga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Kafin yaƙin sojan Najeriya bai wuce mutum 10,000 da 'yan kai ba, amma da aka ajiye makamai ya kai kimanin 250,000. Matasan hafsoshi da dama sun sami ƙarin girma a bakin daga ba tare da sun koyi aikin ofis na soja ba, alhali guraben da ake samu a kwalejojin waje, irin su Camberley a Ingila da Quetta a Pakistan, ba su taka kara sun karya ba. Shi kuwa wannan aikin ofis ba ƙaramin abu ba ne: shi ne sanin yadda za a tsara tafiyar bataliya a kan taswira, da lissafin abincin da za ta ci, da man da motocinta za su sha, da harsashin da za ta buƙata, da rubuta umarnin da kofur zai fahimta ba tare da ya sake tambaya ba. Shi ya sa har yau kyaftin da manjo, da takwarorinsu na sama da na ruwa, ba su da makawa sai sun bi ta Jaji ko wata kwaleja irinta idan suna son hawa sama. Akan kuma karɓi hafsoshi daga wasu ƙasashen Afirka su yi kwas tare da namu.

Ban da kwalejin, a nan ne cibiyar sojan ƙafa da makarantarsu suke, kuma a nan ake koyar da dirowa daga jirgi da laima. Akwai kuma cibiyar horar da dakarun kiyaye zaman lafiya, wadda aka sa wa sunan Janar Martin Luther Agwai, tsohon babban hafsan tsaro wanda daga baya ya jagoranci rundunar haɗin gwiwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Tarayyar Afirka a Darfur. Sojojin da za a tura irin wannan aiki a ƙasashen waje sukan yada zango a nan a shirya su kafin tafiya. Idan ka haɗa wannan da cewa Kaduna ce mazaunin Runduna ta Ɗaya ta sojan ƙasa da makarantar horar da ƙananan hafsoshi ta NDA, Zariya kuma ita ce mazaunin makarantar horar da kurata tun 1924, za ka ga cewa Jaji ta faɗo ne a tsakiyar yankin da aikin soja ya fi kafuwa a ƙasar nan.

Abubuwa biyu sun ƙara sa sunan ya zauna a kunnen jama'a. A 1977 Janar Olusegun Obasanjo, yana shugaban mulkin soja, ya yi wani jawabi a kwalejin inda ya yi kira da a gina al'umma mai ɗa'a da adalci da tausayi, kuma har yanzu da sunan garin ake kiran wannan jawabi. Na biyun kuwa abin baƙin ciki ne. A ranar 26 ga Satumba, 1992, wani jirgin sojan sama samfurin Hercules C-130 ya faɗi cikin fadama a Ejigbo jim kaɗan bayan tashinsa daga Legas, mutum fiye da 150 suka rasu, kuma akasarinsu ɗaliban wannan kwaleja ne da ke kan hanyar komawa Kaduna. A yini guda ƙasa ta yi asarar kusan aji guda na hafsoshin da ake sa ran su ne manyan gobe.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Maigidana tela ne, kuma wani abokinsa ya ba shi shawara mu koma Jaji ya kama shago a kasuwar bariki, wai ciniki ba ya yankewa a can. Ni kuwa abu biyu ke damuna: ko sana'ar za ta riƙe mu, da kuma tarbiyyar yaranmu, domin kowa ya san abin da ake faɗa game da zaman bariki. Daga wata uwargida a Funtuwa.

Amsa: Barka kadai, Hajiya. Abokin maigidanki bai yi ƙarya ba, amma rabin maganar ya faɗa. Gaskiya ne cewa gari irin Jaji yana da abin da yawancin ƙauyukanmu ba su da shi, wato dubban mutane masu albashin wata waɗanda ba sa noma abin da za su ci, ba sa kuma ɗinka abin da za su sa. Soja na buƙatar mai wanki da guga, da mai aski, da mai gyaran takalmi, da mai ɗaukar hoto, da ɗan acaba, da mai POS, da mai tsire da yamma. Manoman ƙauyukan kewaye kuma sun sami kasuwar masara da kayan miya da kaji a bakin ƙofarsu. Tela kuwa yana cikin masu sa'a, domin kakin da ake raba wa soja ba kasafai yake zama daidai jikinsa ba, sai an rage ƙugu, an ɗage ƙafar wando, an ɗinka suna a ƙirji, an sauya alamar muƙami idan ƙarin girma ya zo. Ga kuma matan sojoji da ba sa rabuwa da ankon biki da na suna da na taron ƙungiyoyinsu.

Wannan kasuwa da ake kira Mami akwai irinta a kusan kowane bariki a Najeriya. Labarin da aka fi bayarwa game da asalinta shi ne cewa wata matar soja 'yar ƙabilar Idoma mai suna Mammy Ochefu ce ta fara sayar da wani abin sha mai kama da kunu a barikin Enugu a 1959, da maƙwabta suka yi ƙorafin ƙudaje sai aka ware mata wuri a bayan bariki, wasu mata suka bi sahu. Mijinta, Anthony Ochefu, daga baya ya kai muƙamin kanal har ya yi gwamnan soja a 1975. Abin lura a labarin shi ne cewa tun ranar farko hukumar bariki ce ta ba da wurin, kuma har gobe haka abin yake. Wanda ya kama shago a Mami ba a ƙarƙashin sarkin kasuwa irin na Funtuwa yake ba, a ƙarƙashin dokar bariki yake. Ita ke faɗin lokacin buɗewa da na tashi, ita ke ba da katin shiga, kuma idan wani dalilin tsaro ya taso za ta iya rufe ƙofa ba tare da ta nemi shawarar kowa ba, ko da kuwa maigidanki ya karɓi ɗinkin biki da za a ba da gobe.

Sai kuma batun da ya fi kashe ƙananan 'yan kasuwa a irin wannan gari, wato bashi. Cinikin bariki yana tafiya ne da albashi. Idan kuɗi suka shiga asusu a ƙarshen wata, kasuwa takan cika har ba masaka tsinke, mai nama ya sayar da na yini biyu a yini ɗaya. Da wata ya raba tsakiya kuwa sai ki ga masu shaguna zaune suna korar ƙuda, wanda ya shigo kuma da "rubuta mini" yake shigowa. Kusan kowane mai shago yana da littafi mai bangon kwali da aka raba shafi-shafi, kowane shafi da sunan mai shi da muƙaminsa da rukunin da yake aiki, a ƙasa kuma jerin mudun shinkafa da kwalbar mai da kuɗin ɗinki. Yawancin sojoji suna biya, domin ba wanda ke son a kai ƙararsa gaban samanja, wanda shi ne uban ladabtarwa a kowace bataliya. Matsalar ita ce soja ba shi da ikon zama inda yake so. Takarda ɗaya daga hedikwata a Abuja ta isa a kwashe mutum zuwa Borno ko Zamfara cikin 'yan kwanaki, kuma wanda ya zo kwas dama watanni ne a gabansa ya koma inda ya fito. Shawarata ga maigidanki ita ce ya bambanta mazauna da baƙin kwas tun daga makon farko, ya karɓi kafin alƙalami a kan kowane ɗinki, kada kuma ya bari bashin da ke cikin littafi ya wuce abin da zai iya yafewa ba tare da tukunyarki ta sauka ba. Ya kuma kiyaye abu guda ƙwarai: doka ta hana farar hula sanya kakin soja, saboda haka duk wanda ya kawo yadin soja ba tare da shaidar aiki ba, a sallame shi da girma da arziki.

Akwai wani abin da nake so ku duba wanda ya wuce ribar wata guda. Arzikin garin bariki ba daga ƙasarsa yake fitowa ba, daga kasafin kuɗin gwamnati yake zuwa, kuma waɗanda ke yanke shawara a kansa ba mazauna garin ba ne. Zungeru da ke Jihar Neja ta ga wannan da idonta. A 1902 Gwamna Lugga ya mai da ita hedikwatar mulkin Turawa a Arewa, sojoji da akawuna da 'yan kasuwa suka cika ta, har a can aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904 lokacin da mahaifinsa ke aikin akawu. Da Turawa suka ga Kaduna ta fi musu, suka kwashe sojoji da ofisoshi, kafin ƙarshen 1917 an gama ƙaura, garin ya koma kamar ba a yi ba. Hatta ƙaramar gadar ƙarfen da aka kafa a can kwance ta aka yi aka kai Kaduna, tana nan a lambun Gamji. Ba ina cewa haka za ta faru da Jaji ba, domin abin da aka zuba a wurin ya yi yawa a ce za a tashe shi, kuma babbar hanyar Kaduna zuwa Kano da ta ratsa ta tana kawo nata cinikin. Amma mai hankali zai nemi abokan ciniki a cikin gari da ƙauyuka su ma, ba a bayan ƙofar bariki kaɗai ba.

Game da tarbiyya, ba zan ɓoye miki ba cewa akwai mashaya a Mami, kuma da dare wani sashe nata ba wurin yaro ba ne. Sai dai a ganina sunan da aka yi wa zaman bariki ya fi abin da ke ciki muni. Akwai masallatai da makarantun Islamiyya da coci-coci, akwai makarantun 'ya'yan sojoji da 'ya'yan farar hula ma kan samu shiga, kuma a layukan iyalai akwai magajiya, wato shugabar matan sojoji, wadda ke sasanta rigima tana kuma sa ido a kan tsafta da shige da fice fiye da yadda ake yi a unguwanni da yawa na cikin birni. Yaranki za su tashi da 'ya'yan Tibi da Idoma da Jukun da Yarbawa da Ibo, za su iya Turancin buroka kafin ki ankara, za su kuma saba da cewa maƙwabci na iya zama mai wani addini. Wannan ba asara ba ce. Ku nemi haya a cikin gari nesa da layin mashaya, shago kuma ya zama wurin aiki kawai.

Tambaya: Malam, shin gaskiya ne cewa wanda ke zaune kusa da bariki ya fi kowa kwanciyar hankali a wannan zamani na 'yan bindiga? Daga wani matashi a Giwa.

Amsa: Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ɗan'uwa, domin ɓarawon shanu ko mai garkuwa da mutane yakan yi tunani sau biyu kafin ya tunkari wurin da ake sintiri dare da rana, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa mutanen da rikici ya koro daga ƙauyuka suke neman matsuguni a irin waɗannan garuruwa. Amma bariki kansa abin hari ne ga wasu. A ranar Lahadi 25 ga Nuwamba, 2012, 'yan ƙunar baƙin wake suka shiga har cikin barikin Jaji da motoci biyu, ta farko ta tashi a jikin cocin St. Andrew, ta biyu kuma ta tashi bayan kimanin minti goma, lokacin da jama'a suka taru don kai agaji. Hukumar soja ta ce mutum 11 suka mutu, kimanin 30 suka ji rauni, kuma ba a daɗe ba aka sauya manyan kwamandojin wurin. Wanda ya fi jin jiki bayan haka shi ne talakan gari, domin bincike a ƙofa ya tsananta, mai tallar nono da mai kai itace da ɗan acaba duk sai da suka koyi yawo da katin shaida.

A ƙaramar hukumar ta Igabi dai, a watan Maris na 2021 aka sace ɗalibai 39 daga kwalejin koyon aikin gandun daji da ke Afaka, wadda ke maƙwabtaka da NDA, sannan a ranar 24 ga Agusta na wannan shekara 'yan bindiga suka shiga NDA ɗin kanta, suka kashe hafsoshi biyu suka tafi da ɗaya. Ya kamata a fahimci cewa yawancin waɗanda ke cikin makarantar soja ɗalibai ne da malamai, kuma masu gadin wurin aikinsu tsare wurin ne. Fita ƙauye don kai ɗauki sai da umarni daga sama.

Tambaya: Salamu alaikum. Na kusa ajiye aiki, kuma wani dillali ya nuna mini fili a gefen Jaji, ba nisa da shingen bariki, a kan farashin da bai kai rabin na Rigachikun ba. Ya ce takardar mai unguwa ta wadatar. In saya? Daga wani ma'aikacin gwamnati a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka ba da ko sisi tukuna, araha ba ta ado. An daɗe ana taƙaddama a kan iyakar ƙasa tsakanin hukumar soja da wasu al'ummomin da ke kewaye da barikin Jaji, har maganar ta kai gaban kotu. Mutanen ƙauyukan suna cewa kakanninsu na wurin tun kafin a kafa bariki, soja kuma suna cewa ƙasar tana cikin abin da gwamnati ta mallaka musu, kuma tsaro ya wajabta a killace ta. Ba aikin wannan shafi namu ba ne ya yanke hukunci a tsakaninsu, amma baƙon da ya shigo da kuɗin sallamarsa ya sayi fili a tsakiyar irin wannan rigima shi ne mafi rauni a cikin kowa, domin ba shi da hujjar gado, ba shi kuma da hujjar gwamnati. Ka kuma sani cewa inda shinge ya tsaya a yau ba lallai ne nan iyakar take a taswira ba. Sau da yawa filin soja ya zarce abin da aka kewaye.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba shi ikon soke mallakar mutum idan buƙatar jama'a ta taso, ciki har da buƙatar Gwamnatin Tarayya. Diyyar da dokar ta tanada ta abin da aka yi a kan ƙasar ce, kamar gini da amfanin gona da itatuwa masu daraja, ba ta ƙasar kanta ba. Wanda kuwa ya yi gini a kan filin da dama can na gwamnati ne, da wuya ya ga ko wannan. Takardar mai unguwa da sa hannun dagaci suna da amfani wajen nuna cewa an yi ciniki a gaban shaidu, amma ba sa mai da filin gwamnati ya zama na mai sayarwa.

Abin da za ka yi shi ne ka ɗauki safiyo mai lasisi, wanda kai ka nemo shi ba dillali ba, ya auna filin ya fitar da lambobinsa, ka kai su hukumar kula da filaye ta jihar, wato KADGIS, a duba maka ko wurin ya faɗa cikin ƙasar da aka keɓe ko wadda ake shari'a a kanta. Ka tambayi tsofaffin sojojin da suka yi ritaya suka zauna a garin, domin suna da yawa, kuma sun fi kowa sanin inda aka taɓa rushe gini da inda ba a taɓa ba. Ka kuma tambaya ko filin yana kusa da dajin da ake gwajin harbi, saboda a irin wannan wuri akan bar harsasai da gurneti da ba su tashi ba, kuma yara da 'yan gwangwan masu tsintar ƙarfe su ne suka fi shiga haɗari. Idan dillalin ya ce maka akwai wani mai saye da ke jira, ba za a iya dakon sakamakon bincike ba, ka bar masa filin ya sayar wa wancan.